Kafin a sa hannu: tambayoyi da amsoshi kan auna tasirin sabbin fasahohi a Damagaram

Sabbin kaya na ta shigowa jihar Damagaram babu ƙaƙƙautawa: farantan sola a kan soraye, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a kwarin Korama, tura kuɗi ta salula, intanet daga tauraron ɗan adam, sabon irin shuka, sabbin alluran rigakafi. Wasu gwamnati ce ke kawo su, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu kuma ƴan kasuwa ne ke shigo da su ta Kano da Daura ba tare da an nemi shawarar kowa ba. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda manoma, malaman lakwal, ɗalibai da ma'aikatan hukuma kan yi ne idan aka tado zancen yadda ya kamata a tantance waɗannan abubuwa kafin a gina doka ko a zuba kuɗin jama'a a kansu.

Me ake nufi da auna tasirin sabuwar fasaha?

Bincike ne da ake yi domin mai yanke hukunci, minista ne ko gwamna ko shugaban ma'aikatar gari, ya san abin da zai biyo baya idan ya karɓi wata na'ura ko dabara, ko ya hana ta, ko ya gindaya mata sharaɗi. Ko tana aiki ko ba ta aiki, wannan mai sayarwa ma zai kunna maka a gabanka ka gani. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne wa zai ci riba, wa zai yi asara, nawa za ta riƙa ci bayan shekara biyar, me za ta yi wa ruwa da ƙasa da lafiyar mutane, da kuma ko akwai wata hanya mai arha da za ta biya buƙatar. Mai binciken ba shi ke yanke hukunci ba. Nasa shi ne ya shimfiɗa zaɓi biyu ko uku, kowanne da alherinsa da illarsa, cikin harshen da mai mulki da talaka duk za su gane.

Wannan ai aikin ƙasashe masu kuɗi ne. Ina ruwan Nijar da shi?

Gaskiya ne su suka fara kafa masa ofis. Majalisar dokokin Amurka ta buɗe nata a 1972, ya fitar da rahotanni kusan 750 kafin a yanke masa kuɗi ya rufe a 1995. Faransa ta kafa nata a majalisa a 1983, Ingila a 1989. A Danmak kuwa, tun shekarun 1980 suka fito da wani tsari da ya fi burge ni: a tara talakawa goma sha wani abu, a zaunar da masana a gabansu su amsa tambayoyi, sannan talakawan su rubuta nasu ra'ayi a miƙa wa majalisa.

Sai dai mu mun fi su buƙatar wannan aiki. Su ke ƙera kayan, a yanayinsu ake gwada su, kuma in abu ya lalace suna da kuɗin gyara. Mu karɓa muke yi. Na'urar da aka gwada a ƙasar sanyi za ta zo ta tarar da zafin watan Afrilu da ya haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da kuran mai ɗaukewa ba sallama. Kuma kuɗin da aka saye ta da shi sau da yawa bashi ne da ƴaƴanmu za su biya.

Akwai inda rashin tantancewa ya taɓa cutar da mutane a nan kusa?

Akwai, kuma ba nesa ba. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa foraj mai zurfi a shekarun 1980 aka ba gari ruwan pampo. Ruwa garau, ba wari, ba wani ɗanɗano da zai sa a yi zargi. Ashe yana ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a kowace lita, na Tibiri ya ninka haka fiye da sau biyu. Yara suka yi shekaru suna sha, haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka tanƙware, ɗaruruwa suka nakasa har abada. A 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam suka fitar da rahoto a kan lamarin. Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne gwajin fulor ba wani abu mai tsada ba ne. Da ana auna ruwan a kai a kai kuma ana aiki da sakamakon, da yaran nan sun tashi da ƙafafunsu miƙe. Irin wannan ya faru a Bangaladash, inda miliyoyin rijiyoyin burtsatse da aka haƙa don tsere wa ciwon gudawa suka zo da gubar arsenik.

Na biyu Burkina Faso. A 2008 ta rungumi audugar da aka sauya wa halitta don ta kashe tsutsa da kanta. Ta wannan fuska ta yi aiki: feshi ya ragu, manoma da yawa sun ji daɗi. Amma zaren audugar ya gajarce, alhali tsawon zare shi ne abin da ya sa audugar Burkina ke da daraja a kasuwar duniya. Kamfanonin audugar ƙasar suka ce sun yi asarar kusan miliyar 48 ta sefa, kuma a 2016 aka yi watsi da irin. An auna tsutsa, an auna yawan amfanin gona, amma ba a ba ingancin zare nauyin da ya kamata ba, shi kuwa shi mai saye ke dubawa.

Na uku Kano, a 1996. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da wannan ya shuka yana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan inna a 2003, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe maƙwabta. Ke nan ko shi kansa gwajin, in ba a yi shi da izinin mutane da gaskiya ba, ɓarnarsa kan wuce ta abin da ake gwadawa.

Malam, anya wannan ba tsoron sabon abu ba ne aka yi wa kwalliya?

A'a, ɗan'uwa. Auna abu ne ke ba ka ƙarfin halin karɓarsa hannu biyu. Dubi allurar MenAfriVac. An yi ta ne musamman don yankinmu na sanƙarau, a farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace allura, aka gwada ta yadda ya kamata, sannan a ƙarshen 2010 Nijar da Burkina Faso da Mali suka fara yi wa jama'a. Sanƙarau nau'in A, wanda shi ne ke kawo manyan annoba a da, ya kusan ɓacewa. Da yake ba a daina sa ido ba, sai aka ga wani nau'in ya taso: a 2015 nau'in C ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500, kuma a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya sake bugun jiharmu ta Damagaram. Waɗannan alƙaluma na cikin hujjojin da suka sa aka koma ga sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wadda aka fara amfani da ita a 2024.

Haka buhun PICS na ajiye wake. Leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dam, ƙwari su rasa iska su mutu ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. An gwada shi a ƙauyuka a gaban manoma, a rufe buhu bayan girbi a buɗe bayan watanni kowa na kallo, kafin a bazu da shi daga 2007. Wanda ya san yadda ake barbaɗa wa wake piya-piya da sauran guba don gudun ƙwari ya san abin da wannan buhu ya rage mana.

Yaushe ya fi dacewa a yi wannan awo?

Nan ne wuyar take. Wani masani ɗan Ingila, David Collingridge, ya bayyana ta a 1980: lokacin da fasaha take sabuwa ana iya juya ta yadda ake so, amma ba a san illarta ba tukuna; lokacin da illar ta fito fili kuma, ta riga ta shiga rayuwar mutane, cire ta ya zama jidali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai a nan ba ka san ta ina zai karkace ba sai ya fara bushewa.

Baƙar leda ta ishe mu misali. Ta shigo ba wanda ya tambayi komai, ta kori kwando da ganye da takarda. Yau ga ta a cikin tumbin awaki, ga ta ta toshe magudanan ruwa a unguwanni, ga ta a gonakin bakin gari. A 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita, amma duk wanda ya shiga kasuwar Dole ya san inda dokar ta tsaya. An hana abu ba tare da an tanadi madadinsa ba, ba a kuma lissafa dubban masu ƙananan sana'o'in da suka dogara da shi ba. Ita ma dokar ba a auna ta ba.

Mafita a ganina ita ce a yi awo sau uku. A yi kafin a sa hannu, a fara da ƙaramin gwaji a ƴan garuruwa, sannan a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa bayan shekara biyu ko uku za a dawo a sake dubawa, kuma hukuma na da ikon tsayar da aikin.

Ta yaya ake gane cewa fasahar ce ta kawo canji, ba damina mai kyau ko wani dalili ba?

Da kwatantawa. Idan aka raba sabon iri a shekarar da ruwa ya wadata, kowa zai yi hatsi, kuma mai proje zai ce irinsa ne. Dole a samu garuruwa masu kama da juna, wasu su karɓa wasu su jira, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓa, ba son ran ma'aikaci ko kusanci da hanyar mota ba.

An yi irin wannan a ƙasarmu. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya. Duk ƙauyukan sun samu darasi iri ɗaya, amma a wasu da ƙuri'a ta faɗa kansu an ƙara da koya wa ɗalibai amfani da salula mai sauƙi. Mai binciken tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta suka gano cewa waɗanda aka koya wa salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ke rubuta saƙo ga ɗansa da ke cirani yana bitar karatunsa kullum ba tare da malami ba. Ita ce kuma ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin salula ke isa kasuwa bayan kasuwa, ta nuna cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. A jihar Tawa kuma, a yunwar 2010, an gwada tura tallafi ta salula maimakon a tara mata a layi. Matan suka huta da doguwar tafiya, abincin gidajensu ya fi zama iri-iri.

A ɗaya gefen, ƙasar Peru ta raba wa ƴan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, da aka yi irin wannan kwatance sai aka tarar makinsu na lissafi da karatu bai ƙaru ba. Salula mai arha a hannun dattijo ta yi abin da kwamfuta a hannun yaro ba ta yi ba, domin ita salular ta tarar da buƙata tana jiranta.

Amma lissafi kaɗai ba ya isa. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna nuna yadda tsarin da ya yi nasara a wata ƙasa kan zo nan ya gamu da al'adar wurin aiki da ta gari, ya koma wani abu dabam. Wannan sai an zauna da mutane an saurare su ake gano shi.

Wace tambaya ce aka fi mantawa da ita?

Wa zai gyara. Babu ƙaramar hukumar da za ka zaga a jihar nan ba ka ga pampon da ya tsaya, ko firijin gidan likita da batirinsa ya mutu, ko fitilun sola na bakin titi da suka daina kamawa ba. Sau da yawa abin da ya lalace ƙaramin ƙarfe ne ko batir, amma ba a sayar da shi a Zinder, ba a koya wa kowa gyaransa ba, proje kuma ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Duk takardar da ta faɗi kuɗin saye ba ta faɗi kuɗin riƙo na shekara goma ba, rabin lissafi ce.

Bayan ita sai tambayar wanda zai rasa abin yi. Idan aka ja pampo zuwa unguwa alheri ne, amma ƴan garuwa fa? Idan adaidaita ta yawaita, ƴan kabu-kabu da masu amalanke fa? Wannan ba hujjar hana ci gaba ba ce, hujjar shirya musu wata mafita ce tun da wuri. Sai kuma mata: salular gida a hannun wa take, wa ya iya karanta saƙon da ke shigowa da Faransanci, wa za a kira taro a tambaya?

Injin ban ruwa mai aiki da rana fa? Ai wannan ba shi da aibu.

Alherinsa babba ne. Mai lambu a Korama ko Miriya da ke kashe rabin ribarsa a sayen mai ya samu sauƙi, kuma ina goyon bayan a tallafa masa ya saya. Sai dai tsadar man nan ita ce ke sa mutum ya kashe inji da zarar fangali ya ƙoshi. Rana kuwa kyauta ce, don haka inji na iya wuni yana zuƙa. Idan masu lambu ɗari suka yi haka a kwari ɗaya, ruwan ƙasa zai iya sauka, kuma wanda zai fara ji a jikinsa shi ne mai rijiyar hannu da makiyayin da ke shayar da dabbobi, waɗanda ba su ci ribar komai ba.

Mu a Zinder ba mu da uzurin yin sakaci da wannan. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi. Don haka duk shirin raba injinan sola ya kamata ya zo da rijiyoyin awo da za a riƙa duba zurfin ruwa a cikinsu, da yarjejeniya tsakanin masu lambu kan yawan abin da za a ja, da kuma tsarin karɓar matattun batura a inda ake amfani da su, domin darmar da ke cikinsu guba ce ga yara.

Me matatar mai ta SORAZ ta koya mana?

An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011 a kan hanyar Tanut, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Ta mai da mu ƙasar da ke tace manta, ta kuma kawo iskar gas ta girki, wadda kowace kwalba tana rage saran itace. Darasin da na ɗauka shi ne ba a auna babban aiki shi kaɗai kamar babu maƙwabta. Shekara da shekaru man ƴan ruwa-ruwa da ke tsallakowa daga Najeriya ya fi na gidan mai arha, saboda tallafin da gwamnatin can ke zubawa. Da Najeriya ta janye tallafin a watan Mayu na 2023 sai lissafi ya juye, jama'a suka koma kan man gida, buƙata ta yi wa matatar yawa, har aka shiga ƙarancin mai a farkon 2025. Haka wutar lantarki: kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi daga Najeriya yake zuwa, kuma da aka yanke layin a watan Agusta na 2023 kowa ya ga abin da dogaro da hanya ɗaya ke haifarwa. Bincike na gaskiya dole ya tambayi abin da zai faru idan iyaka ta rufe, ko farashi ya sauya a Kano.

Shin doka na iya sa fasaha ta yi amfani ko ta mutu?

Ƙwarai, kuma mafi kyawun shaida a gonakinmu take. Sassaben zamani ba ya buƙatar inji: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi masu ƙarfi, ya sassabe sauran. A da manyan ayyukan dashen itatuwa sun ci kuɗi mai yawa, mafi yawan dashen kuma ya mutu. A lokacin itace na hukuma ne a idon manomi, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararsa a kan iccen da ke cikin gonarsa, to don me zai raine shi? Daga tsakiyar shekarun 1980, da wannan riƙo ya sassauta mutane suka ga cewa abin da suka raina nasu ne, sai gawo ya dawo a Magarya da Matamaye da Miriya. Da masana suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar, da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar gandun daji ta 2004 da wata dokar zartarwa ta 2020 sun zo daga baya suka ƙarfafa haƙƙin manomi.

Abin lura, manoma sun yi shekaru kusan ashirin suna wannan aiki kafin a auna girmansa. Muna saurin kai wa abin da ya zo a kwantena ziyara, muna jinkirin ganin wanda ya tsiro a hannun mutanenmu.

Wa ke da alhakin wannan aiki a Nijar?

A rarrabe yake. Abin da ya shafi muhalli yana hannun ofishin BNEE, ƙarƙashin dokar 2018 da ta wajabta binciken tasiri kafin manyan ayyuka, tare da jin ra'ayin mazauna wurin. Sadarwa tana hannun hukumar ARCEP. Kare bayanan mutane na hukumar HAPDP ne. Binciken noma na cibiyar INRAN ne, magungunan ƙwari kuma kwamitin ƙasashen Sahel na CILSS ne ke ba su izini, ko da yake da yawan waɗanda ke kan tebur a kasuwanninmu ba su bi ta nan ba. Ƙidaya da alƙaluma na cibiyar INS ne. Kowa na duban ɓangarensa, alhali injin sola ɗaya ya taɓa ruwa da noma da kiwo da filaye da shara a lokaci guda.

Ra'ayina shi ne a ba Jami'ar André Salifou ta Zinder wannan aiki a matakin jiha. Tana da malamai, tana da ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, kuma ƴan ƙasa ne masu jin Hausa da Barbarci da Fulatanci. A haɗa su da zauren manoma na jiha, da hukumomin filaye na karkara, da wakilan sarakuna da malamai da ƙungiyoyin mata.

Idan mai kawo kayan ne ya biya kuɗin binciken, za a yarda da shi?

Da wuya wanda aka ɗauka aiki ya rubuta abin da zai ɓata wa mai biyansa. Gyaran shi ne mai proje ya zuba kuɗin a asusun da ba shi ke riƙe da shi ba, hukuma ta zaɓi masu binciken, kuma a wallafa sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. A kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. Rahoto mai shafi 300 da Faransanci da ke kulle a ofis a Yamai bai isa ga kowa a Dungas ko Gure ba.

Intanet na tauraron ɗan adam da ƙirƙirarriyar basira fa?

Kamfanin Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, kuma ga gidan likita ko lakwal da ke Taskar ko Balbeji, inda eriyar salula ba ta kai ba, wannan babban buɗi ne. Abin da ya rage a bi diddigi: nawa ne ke fita waje kowane wata a kuɗin rajista, shin Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom za su ci gaba da kafa eriya a karkara idan manyan masu saye suka bar su, kuma wa ke da iko a kan layin ranar da aka samu saɓani.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, a gwada su da bakinmu kafin a sa su a aikin likita ko noma ko makaranta. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka kafa a 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, amma yawancin waɗannan manhajoji da Turanci da Faransanci aka fi horar da su, ɗan abin da suka sani na Hausa kuma rubutacciya ce, ba maganar tsohuwa a Kance ba. Jama'armu da saƙon murya suke hulɗa a WhatsApp. A ɗauki tambayoyi na gaskiya daga manoma da unguwarzoma, a ba manhajar, a ba ƙwararru amsoshin su duba nawa ne daidai, nawa ne kuskuren da zai iya kashe gona ko mutum. A kuma tambayi inda muryoyi da hotunan mutane ke tafiya bayan an ɗauka.

Ranka ya daɗe, ni mai gari ne. Idan proje ya zo garina da sabon abu, me zan tambaya?

Allah ya ja zamanin mai gari. Ka tara jama'a, maza da mata da makiyayan da ke zaune kusa, kada a yi zancen a zaure da mutum uku. Ka nemi a faɗa maka garin da aka taɓa kai wannan abu shekara uku ko fiye da suka wuce, ka tura mutum biyu su je su gani da idonsu, su yi magana da mutanen garin ba tare da ma'aikatan proje ba. Ka tambayi sunan mai gyara da garin da yake, da kasuwar da ake samun kayan gyara, da abin da kowane gida zai riƙa biya bayan proje ya ƙare. In ruwa ne, ka ce a nuna maka takardar gwajinsa, har da fulor, a kuma faɗi lokacin da za a sake gwadawa. In ana ɗaukar sunaye da hotuna da zanen yatsa, a bayyana wanda zai riƙe su da abin da za a yi da su. Duk alkawarin da aka yi a rubuta shi, kwafi ɗaya a wurinka, ɗaya a ma'aikatar gari.

Daga ranar da aka fara aiki kuma, ka sa malamin lakwal ko wani mai rubutu ya buɗe littafi: zurfin ruwan rijiya a farkon kowane wata, ranakun da inji ya tsaya da abin da gyara ya ci, tiya nawa gona ta ba da bana da bara. In masu bincike suka zo daga jami'a ko daga Yamai, ko kuma aka zo sabunta yarjejeniya, wannan littafi za ka ɗora a gabansu.